Daga Bankok Zuwa Cantaburi: Ƙaura Da Takardar Zama

Wasu 'yan'uwa da muka yi fataucin tufafi tare a da suna yawan tambayata wai yaya mutum yake zaman ritaya a ƙasar Tailan, kuma wace irin takarda yake riƙewa. To, yau zan ba ku labarin ƙaurar da na yi a shekarar 2023 daga birnin Bankok zuwa wani gari da ake kira Cantaburi, domin a wannan ƙaura ne na san takardar da na daɗe ina ɗauke da ita a aljihu ba tare da na san halinta ba.

Na fara zuwa Bankok tun ina da ƙarfina, ina saro riguna da wanduna a kasuwar Pratunam ina kai wa Kumasi. Da shekaru suka ja, ƙafa ta gaji da hawa da sauka, sai yara suka karɓi harkar. Ni kuwa ga likitan da yake duba ni a can na saba da shi, ga gari na sani, sai na nemi izinin zama irin na masu ritaya, ina zuwa gida sau ɗaya a shekara.

Bari in fayyace yadda izinin yake, domin duk labarin a kansa ya rataya. Mutum sai ya cika shekara 50. Sai ya nuna yana da bat 800,000 a wani banki na ƙasar, wato wajen dalar Amurka 23,000 a wancan lokaci, ko kuwa ya nuna yana samun bat 65,000 kowane wata. Ba a yarda ya yi aiki ba ko kaɗan. Izinin na shekara ɗaya ne, kowace shekara sai ya je ya cika fom mai suna TM.7, ya biya bat 1,900, a buga masa hatimi a fasfo. Tun daga watan Maris na 2019 aka ƙara tsaurara batun kuɗin: dole su kwana a banki wata biyu cur kafin ranar da za ka nemi sabuntawa, su ƙara wata uku bayan an ba ka, sauran watannin shekara kuma kada su yi ƙasa da 400,000. Ban da wannan, duk kwana 90 sai ka sanar da hukuma inda kake. Wanda izininsa ya ƙare bai fita ba, tarar bat 500 ce a kowace rana har ta kai 20,000, kuma idan ya zarce kwana 90 sai a hana shi shiga ƙasar shekara guda.

Duk wannan na haddace shi kamar karatun allo. A Bankok ofishin shige da fice yana cikin wani makeken ginin gwamnati a kan titin Ceng Wattana, a arewacin birni. Gini ne da idan ka shiga sai ka ɗauka gari ne aka yi wa rufi, a ƙasa ga bankuna, ga masu ɗaukar hoto, ga masu kwafe takardu, ga wurin cin abinci. Na san ƙarfe nawa zan bar gida in sami lamba da wuri, na san kujerar da sanyin na'ura ba ya dukan ta da yawa. Shekara da shekaru ban taɓa samun tangarɗa ba, har na fara ba sababbin zuwa shawara kamar wani lauya.

Sai a farkon 2023 mai gidan da nake haya ya sanar da mu ya sayar da ginin, kowa ya tashi kafin ƙarshen Fabrairu. Izinina kuwa zai ƙare ranar 24 ga Afrilu. Ga inda gizo yake saƙar: ba a karɓar takardar sabuntawa sai saura kwana 30 izini ya ƙare, wasu ofisoshi kuma kwana 45, kuma ba ka da ikon zaɓen ofishi, sai na lardin da kake kwana. Da mai gida ya ƙara mini ko da wata ɗaya, da na sabunta a inda aka san ni sannan in tattara komatsaina. Na roƙe shi, ya ce abin ya fita daga hannunsa.

Dama na daɗe ina sha'awar barin Bankok saboda hayaƙi da cunkoso da tsadar haya. Cantaburi kuwa na san shi, ina da abokai a can. Garin yana kudu maso gabas, tafiyar kamar kilomita 250, lardin kuma ya yi iyaka da Kambodiya. Idan ka hau bas a tashar Ekkamai, awa huɗu ta kai ka. Da ka wuce masana'antun Conburi sai ƙasa ta canza kama, ka shiga gonakin roba da lambunan 'ya'yan itace, ga duwatsu kore shar a hagunka. Ƙasa ce mai ruwan sama sosai, wanda ya san damunar Asante ba zai ji baƙunta ba.

Sunan garin ma'anarsa garin wata, tambarin lardin kuma zomo ne zaune a cikin wata, za ka gan shi a allunan hukuma ko'ina. Kogi ya ratsa garin, a bakinsa akwai tsohuwar unguwa mai siririn titi da gidajen katako, inda tsofaffi suke zama a ƙofar gida suna sayar da barkono da kayan ƙwalama. Idan ka haye gada sai ga wata babbar majami'a ta Katolika mai hasumiya biyu, wadda zuriyar mutanen Biyetnam da suka yi hijira zuwa nan suke ibada a ciki. Garin ya ga tarihi. A nan Taksin ya tara mayaƙa a 1767 bayan Bama sun rushe tsohon babban birni Ayuttaya, kafin ya koma ya ƙwato ƙasar ya zama sarki. Faransawa kuma sun mamaye garin daga 1893, suka yi fiye da shekara goma kafin su fita.

Amma abin da ya kawo baƙar fata garin shi ne dutse. A titin Si Can da lungunan da ke kewaye da shi ake cin kasuwar duwatsu masu daraja, daga Juma'a zuwa Lahadi. A da ana haƙo jan yaƙutu da shuɗi a ƙasar lardin, yanzu ramukan sun kusa ƙarewa, amma gwanintar ta zauna: mutanen nan sun iya gasa dutse a wuta har launinsa ya fito, sun iya yanka shi da goge shi. Saboda haka duwatsun Mozambik da Madagaska da Siri Lanka, har da shuɗin yaƙutun tsaunin Mambila na Nijeriya, duk nan ake kawo su. Cinikin abin kallo ne. Mai saye yana zaune a tebur da ɗan madubinsa da hantsaki, dillalai suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna buɗe ƙunshin farar takarda a gabansa. Idan ya taya, sai a naɗe ƙunshin a liƙe, a rubuta tayin a kai, dillali ya tafi wurin mai dutse ya ji ko ya sallama. Duk wanda ya taɓa ganin dillancin goro ko na shanu zai gane abin nan take, sai dai a nan abin da ake ja-in-ja a kansa bai kai ƙwayar gero biyu ba. A cikin lungunan nan za ka ji Mandinkanci da Fillanci da Faransanci, kuma in ka kasa kunne za ka ji Hausa. Ni dai ɗan kallo ne, takardata ba ta yarda in taɓa ciniki ba, iyakata in sha shayi in yi hira.

A wata zuwa da na yi cikin Fabrairu na sami gida, ɗan madaidaici mai ɗaki biyu a bayan gari, na wata tsohuwa mai lambun duriyan. Haya bat 10,000 a wata, rabin abin da nake biya a Bankok. Ta ce in ba da kuɗin wata uku, ɗaya na haya, biyu na ajiya. Don kada wani ya riga ni, ranar 10 ga Fabrairu na je na ciro bat 30,000 na ba ta, muka sa hannu a takardar haya. A takardar an rubuta shekarar 2566, domin lissafinsu na addinin Buda ya ɗara namu na bature da shekara 543. Na fito ina murna na yi dabara.

Bayan mako guda, ranar Juma'a, ina zaune wurin shayi da wani Bakano da ya girme ni, mai harkar duwatsun Mambila, ina ba shi labarin gida. Sai ya ajiye kofinsa ya ce, "Alhaji, daga wane asusu ka ciro kuɗin?"

Na ce, "Asusuna guda ɗaya ne, Yaya."

Ya ce, "Nawa ya rage?"

Kafin in ba shi amsa gabana ya faɗi. Bat 815,000 ne a ciki, na cire 30,000, saura 785,000. Ni da nake koya wa mutane doka, ni ne na karya ta da hannuna, saboda hankalina ya tafi kan kwano da katifa. Bawan Allah nan bai yi mini dariya ba. Ya tashi ya shiga lungu, can sai ga shi da kuɗi a ambulan, ya ce, "Tashi mu je banki yanzu, kowace rana da ka bari a kanka take. In yara sun aiko ka biya ni." Ranar 17 ga Fabrairu kuɗin suka koma yadda suke, amma lissafin wata biyu ya koma farko.

Da daddare na ɗauko kalanda. Wata biyu daga 17 ga Fabrairu ya kai 17 ga Afrilu. To, a tsakiyar Afrilu ake bikin Sonkuran, sabuwar shekarar gargajiya ta ƙasar, daga 13 zuwa 15 ga wata, kuma a waccan shekara hutun ya haɗe da ƙarshen mako har zuwa Litinin 17. Ke nan ranar farko da zan iya miƙa takarda ita ce Talata 18, ta ƙarshe kuma Litinin 24. Kwana biyar na aiki, a ofishin da ba wanda ya san fuskata. Mutumin da doka ta ba wata guda, ga shi ya mayar da kansa mai kwana biyar.

Ranar 1 ga Maris na ɗauki hayar akori-kura na kwashe kayana. A nan ne mutum yake sanin tarkacen da ya tara. Na bar Bankok da asuba, kafin la'asar ina shimfiɗa tabarma a sabon gida, tsohuwa ta aiko mini da ayaba.

Wajen ƙarshen Maris na ce matambayi ba ya ɓata, bari in je ofishin shige da fice na lardin in ji takardun da suke so, domin kowane ofishi da ɗan abin da ya fi ba muhimmanci. Ƙaramin wuri ne, ba cunkoson Bankok. Wata ma'aikaciya ta karɓi fasfona cikin ladabi, tana kirana "Lung", wato kawu, yadda suke kiran duk namijin da ya manyanta. Ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, sai ta ce mini a wurinsu ba na lardin nan, har yanzu a Bankok nake kwana. Wato a takarda ina zaune a gidan da aka riga aka sayar.

Dalili shi ne wani fom da ake kira TM.30. Dokar shige da fice ta 1979 ta ce duk mai gidan da ya saukar da baƙo ɗan wata ƙasa dole ya sanar da hukuma cikin awa 24. Otal-otal suna yi kullum ba tare da baƙo ya sani ba, tsohon mai gidana ma ya saba, shi ya sa ban taɓa damuwa da shi ba. Tsohuwar nan kuwa ba ta taɓa ba baƙo haya ba, ba ta ma taɓa jin sunan fom ɗin ba. Kuma muddin ba a shigar da shi ba, ba za a karɓi takardar sabuntawata a lardin ba. Ka ga nauyin a kan mai gida yake, amma wanda zai kwana a ciki shi ne ɗan haya.

Na koma na sami tsohuwa, jikarta tana yi mana tafinta. Da ta ji an ambaci hukuma da tara sai ta tsorata, ta ɗauka wani laifi na gudo da shi. Na sha wahala kafin ta natsu. Da aka ɗauko shuɗin littafin rajistar gida, wanda kowane gida a ƙasar yake da shi, sai ga wata sabuwa: gidan da sunan ɗanta yake, shi ne zai sa hannu a kwafin littafin da na katinsa na ɗan ƙasa. Ɗan kuwa yana aiki a wata masana'anta a lardin Rayong, an buga masa waya ya ce ba zai sami zuwa ba sai hutun Sonkuran.

Makonni biyun nan ban yi barcin kirki ba. Azumi ya kama, ga Afrilu shi ne watan da ya fi kowane zafi a ƙasar. In na kwanta sai in tuna shekarar 1969, ina ɗan shekara takwas a zangon Kumasi, lokacin da gwamnatin Busia ta ba da umarni ranar 18 ga Nuwamba cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Ghana cikin mako biyu. Manyanmu da ke karanta wannan shafi ba sai na ba su labari ba. Na ga maƙwabtanmu da aka haife su a unguwar suna sayar da gado da tukwane a wulaƙance, suna hawa manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Mahaifina yana da wata gwangwani da yake ajiye takardunsa a ciki, naɗe cikin tsumma, har ya rasu ba wanda ya isa ya taɓa ta. Muna yara muna yi masa dariya a ɓoye. Ba na cewa halin da na shiga ya kai nasu, ni ina da gida da 'ya'ya da zan koma wurinsu, kuma kuskuren nawa ne. Amma a daren nan na gane gwangwanin.

Sonkuran ya zo. Duk wanda ke aiki a birni sai ya koma garinsu gaida iyaye, a zuba wa tsofaffi ruwa mai ƙamshi a hannu su sa albarka, a kan titi kuma yara da manya su yi ta watsa wa juna ruwa da bokiti da bindigogin roba. Ba ruwansu da baƙo ko ɗan gari. Na fita sayen kayan buɗa baki aka sheƙa mini ruwan ƙanƙara tun daga hula har takalmi, kuma gaskiya ga mai azumi a wannan zafi ban ji haushi ba. Sai dai fasfona na naɗe shi cikin leda biyu na bar shi a gida. Ranar 14 ga wata sai ga ɗan tsohuwa, rigarsa jiƙe sharkaf, fuskarsa duk farar hoda, ya goge hannu ya sa hannu a takardu, ya ba ni haƙuri. Hutun da nake ganin ya cinye mini kwanaki, shi ne ya kawo mini mutumin da nake nema.

Ranar Talata 18 ina ƙofar banki kafin a buɗe. Aka buga mini littafin ajiya har zuwa ranar, aka ba ni wasiƙar shaidar abin da ke ciki. Daga nan na ɗauki tsohuwa da jikarta muka nufi ofis. Ta ci ado kamar mai zuwa biki. Aka shigar da TM.30, aka ci ta tarar jinkiri, wadda a doka ba ta wuce bat 2,000 ga mai gida irinta. Ni na biya, domin ban ga dalilin da tsohuwa za ta yi asara saboda ta ba ni wurin kwana ba.

Sannan aka zo kan littafin banki. Ma'aikaciyar ta sa yatsa a kan layin 10 ga Fabrairu, ta ɗago ta dube ni, ta sauke yatsa zuwa layin 17, ta ƙirga a kalandar da ke kan teburinta. Ban san lokacin da na daina numfashi ba. Can ta ce, "Lung, da kwana ɗaya ka tsira." Ta miƙo mini farar takarda ta ce in zana taswirar hanyar gidana. Ni da rabona da zane tun makarantar firamare, na zana kogi, na zana gada, na zana lambun duriyan, jikar tsohuwa tana gyara mini tana dariya. Saura abu ɗaya, suna son hotona a tsaye a ƙofar gida, lambar gidan ta fito sosai. A Bankok ba a taɓa tambayata wannan ba, amma tun da sabon zuwa ne ni, ban ga laifinsu ba. Muka koma gida aka ɗauka, aka wanke.

Ranar Laraba 19 aka buga mini hatimi, izini har 24 ga Afrilu 2024. Ban bar wurin ba sai da na sayi izinin fita da dawowa, domin wanda ya bar ƙasar ba tare da shi ba, izinin zamansa ya mutu a filin jirgi ko da jiya aka ba shi. Na fita sau ɗaya bat 1,000 ne, na fita ba adadi 3,800. Na ɗauki na 1,000, tun da Kumasi sau ɗaya nake zuwa.

Ga wanda yake da niyyar irin wannan zama, abin da zan ce kaɗan ne. In da hali, ya sabunta kafin ya tashi daga tsohon gida. Kafin ya ba da ko sisi na sabon gida, ya tambaya sunan wa ke cikin littafin rajista, kuma ko mai sunan zai yarda ya sanar da hukuma ranar da aka tare. Kuɗin izini kuma ya buɗe musu asusu dabam, ya manta da su. Ni yanzu littattafan banki biyu gare ni, ɗaya na cefane, ɗaya kuma yana cikin gwangwanin biskit tare da fasfo.

Bakanon nan na biya shi cikin Maris da yara suka aiko. Amma bat 800,000 ɗin ba su da ikon motsi sai bayan 19 ga Yuli, Babbar Salla kuwa ta faɗo a ƙarshen Yuni, saboda haka a waccan shekara ragon gidanmu na Kumasi yara ne suka saya, karo na farko tun da na yi aure. Babbar 'yata ta bugo waya tana yi mini tsiya wai Baba mai kuɗi a banki ya kasa sayen rago.

Cikin Mayu duriyan ya nuna. Lardin nan ya fi kowane lardi a ƙasar noman shi, manyan motoci suna ta lodi dare da rana ana kai wa Sin. Ɗan itace ne mai ƙaya kamar bushiya, girmansa ya kai kan mutum, warinsa kuwa har otal-otal da jiragen ƙasa na Bankok sun hana shiga da shi. Wata safiya tsohuwa ta zo da kanta da guda ɗaya a hannu, ta fasa shi a ƙofar gida, daidai ƙarƙashin lambar da muka ɗauki hoto, ta tsaya sai ta ga na ci. Na toshe hanci na kai baki. Yau shekara ta uku ke nan ina ci, amma har yanzu a waje, ban yarda ya shiga ɗaki ba.